Man Kifi ta Jijiya: Ceton Rai ne ko Ƙarin Nauyi ga Masu Jinya?

Duk wanda ya zauna a Dutse Alhaji ta Abuja ya san ƙaramin ciwo ba ya fita unguwa. Zazzaɓi ne, gudawa ce, ciwon kai ne, kemis ɗin bakin titi ko ɗan asibitin kuɗi na bayan kasuwa ya ishe shi. Amma ranar da ciwo ya amsa sunansa, ranar da taifod ya huda hanjin yaro, ko mota ta kwashe mai babur a babban titin Kubwa, ko mai jego ta kwana uku jiki rau har ta fara sambatu, to tafiya ta kama. Sai a gangara mahaɗar Dutse a nufi Babban Asibitin Kubwa, in abin ya fi ƙarfin nan a rubuta takarda zuwa Asibitin Ƙasa a cikin birni, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja a Gwagwalada. A irin waɗannan manyan asibitoci ne ake da ɗakin kulawa ta musamman, wanda mutanenmu ke yi wa laƙabi da "gobe da nisa", kuma a ƙofarsa ne dangi ke fara jin sunayen magungunan da ba su taɓa ji ba tun da suka zo duniya.

Cikin abubuwan da likitocin duniya ke ta kai-komo a kansu game da wannan ɗaki akwai man kifin da ake ɗura wa majinyaci ta jijiya. Ba ƙwayar nan mai santsi da ake sayarwa a kemis nake nufi ba, ba kuma na cokali da iyaye ke matsa wa yara su haɗiye suna yamutsa fuska ba. Wannan a kwalbar gilashi yake zuwa, mai cin mililita 50 ko 100, fari fat, domin an farfasa man ya zama ɗigo-ɗigon da ido ba ya gani, an gauraya shi da wani sinadari na kwanduwar ƙwai don kada ya rabu da ruwa ya taso sama. A rataye shi kusa da ledar ƙarin ruwa, ya yi ta sauka a hankali na tsawon sa'o'i. Wanda aka fi sani shi ne Omegaven na kamfanin Fresenius Kabi na Jamus, mai giram 10 na man kifi a kowace mililita 100. Akwai kuma gauraye irin su SMOFlipid, wanda kashi 15 cikin 100 ne kawai man kifi, sauran man waken suya ne da na zaitun da wani mai da ake tacewa daga kwakwa.

Asalin wannan abu abinci ne. Akwai majinyacin da hanjinsa ya tsaya cak, ko aka yanke mafi yawansa, ko ya ɓule yana yoyo ta fatar ciki bayan tiyata. Tuwo ya gagara, kunu ya gagara, ko an zura masa robar hanci abin ba ya zama. In ba a ciyar da shi ta jijiya ba, yunwa ce za ta ƙarasa abin da ciwo ya fara. Ruwan sukari kaɗai kuwa ba ya riƙe mutum, sai da maiƙo. Wani masani ɗan Suwidin, Arvid Wretlind, shi ya fara samar da maiƙon da jijiya ke karɓa lafiya a farkon shekarun 1960, mai suna Intralipid, kuma daga waken suya ya yi shi, wannan dai waken da ake mana awara da shi. A 1968 Stanley Dudrick na Jami'ar Pennsylvania ya nuna ana iya raya 'yan kwikwiyo, daga baya jariri, ta jijiya zalla. Shekaru da dama man waken suya shi ke cin kasuwarsa babu kishiya, ya kuma ceci rayuka masu yawan gaske. Daga baya ne aka fara tambaya: shin irin man da aka ɗura wa mutum yana da hannu a yadda jikinsa ke faɗa da ciwo?

Nan ne maganar kumburi ta shigo. In likita ya ce kumburi, ba tashin fata kawai yake nufi ba, yana nufin yunƙurin da garkuwar jiki ke yi in ta ji rauni ko ƙwayar cuta. Kamar 'yan bangan unguwa ne: an yi ihun ɓarawo, sun fito da gora da fitila, kuma fitowarsu alheri ce. Matsalar ita ce in aka rasa mai ce musu ya isa. Sai su wuce ɓarawo su hau ɓalle ƙofofin maƙwabta, gari ya waye an yi ɓarnar da ta fi ta ɓarawon. Haka jiki ke yi a cutar da likitoci ke kira sefsis: hawan jini ya faɗi, ƙoda ta daina fitsari, huhu ya cika ruwa, hankali ya gushe. Wani babban lissafi da mujallar Lancet ta buga a 2020 ya ce a shekarar 2017 mutum miliyan 48.9 ne suka kamu da sefsis a duniya, miliyan 11 suka mutu, wato kusan ɗaya cikin kowace mutuwa biyar a wannan shekara, kuma ƙasashen Afirka kudu da Sahara na cikin waɗanda abin ya fi yi wa katutu.

Masu goyon bayan man kifi daga nan suke ɗauko hujjarsu, kuma hujja ce mai tsari. Fiye da rabin man waken suya maiƙo ne na dangin omega-6, wanda jiki ke sarrafawa ya fitar da sinadaran da ke zuga kumburi. Man kifin teku kuwa cike yake da omega-3, musamman guda biyu da ake taƙaita sunansu da EPA da DHA. In suka shiga bangon ƙwayoyin halittar jiki suka ture wani kaso na omega-6, sinadaran da ke fitowa ba su da zafi kamar na farko. Duniya ta fara maida hankali kan wannan ne tun da wasu likitocin Denmak biyu, Hans Olaf Bang da Jørn Dyerberg, suka je Girinlan a 1970 suka auna jinin mutanen da abincinsu kifi ne da naman dabbobin teku. Sannan a farkon shekarun 2000 Charles Serhan na Jami'ar Harvard ya gano cewa daga EPA da DHA jiki ke ƙera wasu sinadarai da ya sa wa suna resolvin, waɗanda aikinsu shi ne su kawo ƙarshen kumburi su sa a kwashe tarkacen da ya bari, ba tare da sun karya garkuwar ba. Me ya sa ta jijiya? Domin ƙwayar haɗiya tana ɗaukar makonni kafin ta canja jini sosai, ɗurin jijiya kuwa cikin 'yan kwanaki ake ganin canjin, ga shi kuma majinyacin da ake magana a kai hanjinsa ma ba ya aiki.

Ba a ɗakin bincike abin ya tsaya ba. A 2006 Axel Heller da abokan aikinsa sun bi majinyata 661 a asibitoci 82 na Jamus, suka ce waɗanda suka samu giram 0.1 zuwa 0.2 na man kifi a kan kowane kilo na nauyinsu a kullum sun fi saurin barin asibiti, kuma an fi samun masu rayuwa a cikinsu. A 2015 aka buga wani gwaji daga ɗakunan kulawa ta musamman 17 na Sifaniya, ƙarƙashin Teodoro Grau-Carmona, a kan majinyata 159: cikin waɗanda aka ba mai mai ɗauke da na kifi, kashi 21 cikin 100 ne suka kwashi sabuwar cuta a asibiti, ɗaya ɓangaren kuwa kashi 37. A wannan shekarar dai wani ƙaramin gwaji a Leicester ta Ingila, a kan masu sefsis 60, ya ga sassan jikin waɗanda aka ɗura wa Omegaven ba su lalace kamar na sauran ba. Sai kuma a 2020 Lorenzo Pradelli da jama'arsa suka tattara gwaje-gwaje 49 masu majinyata 3,641 suka haɗa lissafinsu wuri guda: kamuwa da cuta ya ragu da kashi 40 cikin 100, zaman ɗakin kulawa ta musamman ya ragu da kusan kwana biyu, zaman asibiti ma haka. Ƙungiyar masana abincin majinyata ta Turai, ESPEN, a jagoranta na 2019 ta ce ana iya ba masu cin abinci ta jijiya mai mai ɗauke da na kifi a wancan awon na giram 0.1 zuwa 0.2 a kan kowane kilo.

Amma hujjar da ta fi taɓa zuciya, kuma a ganina ta fi ƙarfi, ta jarirai ce. Bakwainin da hanjinsa ya ruɓe aka yanke, ko jaririn da aka haifa hanjinsa a waje, yakan yi watanni yana rayuwa da abincin jijiya. An daɗe da lura cewa da yawa daga cikinsu hantarsu ke toshewa: ido ya yi rawaya, fata ta yi rawaya, daga nan sai dashen hanta ko kabari. Cikin abubuwan da ake zargi akwai wasu sinadaran tsirrai da ke cikin man waken suya, waɗanda babu su a man kifi. A Asibitin Yara na Boston, wata mai harhaɗa magunguna, Kathleen Gura, da likitan tiyata Mark Puder suka fara musanya man waken da na kifi zalla, giram 1 a kan kowane kilo. A 2006 suka ba da labarin jarirai biyu da shawararsu ta washe. A 2009 suka kwatanta jarirai 42 da suka samu man kifi da 49 na baya da suka samu na wake: a rukunin farko uku suka mutu, ɗaya aka yi wa dashe, a na biyu 12 suka mutu, shida aka yi wa dashe. A watan Yulin 2018 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da Omegaven, don yara masu wannan toshewar hanta. A lura, don su kaɗai ta amince, ba don manya masu sefsis ba.

In aka dawo gida, mai goyon baya zai ce wannan lissafi ya fi mu amfani fiye da Bature. Kwana biyu a ɗakin kulawa ta musamman a wurin Bajamushe lamba ce a takardar inshora. A wurin mai sayar da tumatir a kasuwar Dutse kuwa, kwana biyu na iya zama fili a ƙauye ko babur ɗin da ake ci da shi. Gadajen irin wannan ɗaki kaɗan ne, duk wanda ya tashi da wuri ya ba wani wuri. Cutar da ake kwasa a asibiti kuma ita ce mafi muni, domin ƙwayoyinta sun saba da magungunan da muke sha barkatai, sai an nemo masu tsadar gaske. Don haka, in ji su, kwalbar da za ta rage wannan haɗari ko da kaɗan ta biya kuɗinta.

To, masu ja fa? Abu na farko da suke nunawa da yatsa shi ne wurin da duk waɗancan alƙaluma suka yi shiru: mutuwa. Mutum ba ya kai ɗan'uwansa gobe da nisa don a rage masa wani sinadari a jini, yana kai shi ne don ya dawo da shi gida da rai. Gwajin Sifaniya bai nuna bambancin mace-mace ba. Lissafin Pradelli ya hango ɗan ragi, amma bai kai matsayin da masana ƙididdiga za su ce ba dace ba ne. Binciken Heller kuwa ba gwajin ƙuri'a ba ne, kowa a cikinsa ya samu man, kallon abin da ya faru kawai aka yi, kuma mai yiwuwa ne majinyacin da ya fi ƙarfi shi ya jure awon da ya fi yawa. Ga kuma gwajin Sigrun Friesecke na 2008 a Jamus, a kan majinyata 166 a ɗakin kulawa ta musamman, wanda bai ga bambanci ba, ko a awon kumburi ko a warkewa. Akasarin gwaje-gwajen da ake tattarawa ƙanana ne, wasu a kan mutanen da aka shirya wa tiyata suka shigo da ƙafarsu, wasu a kan waɗanda aka kawo ranga-ranga, da mai daban-daban da awo daban-daban. Sannan akwai abin da ba a so a faɗa da ƙarfi a taro: kamfanonin da ke sayar da man su ne suka ɗauki nauyin kaso mai tsoka na binciken, har da tattarawar 2020. Wannan ba ya nufin an yi ƙarya. Yana nufin a karanta da ido biyu. Takwarar ƙungiyar Turai ta Amurka, ASPEN, da ta sake duba hujjojin a 2022, cewa ta yi likita na iya ba da mai mai na kifi ko marar shi, domin ba ta ga bambancin da zai sa ta fifita ɗaya ba. Manyan ƙungiyoyi biyu, takardu kusan iri ɗaya a gabansu, hukunci daban.

Abu na biyu shi ne tarihi, kuma a nan masu ja suna da abin faɗa da yawa. Ɗakin kulawa ta musamman ya sha binne magungunan da suka yi kyau a takarda. Xigris na kamfanin Eli Lilly ya samu amincewa a 2001 a matsayin maganin sefsis mai tsanani, asibitoci suka kashe maƙudan kuɗi a kansa shekara goma, aka janye shi daga kasuwa a watan Oktoban 2011 bayan sabon gwaji ya nuna ba ya ceton rai. Sinadarin gulutamin ya yi tashe a matsayin abincin garkuwar jiki, sai gwajin REDOXS na 2013 a kan mutum 1,223 ya nuna waɗanda aka ba shi sun fi mutuwa. Bitamin C ta jijiya ya cika duniya daga 2017, sai gwajin LOVIT na 2022 ya nuna masu sefsis da aka ɗura wa sun fi shiga uku. Shi kansa man kifi ya taɓa cin tuntuɓe: gwajin OMEGA da mujallar JAMA ta buga a 2011, a kan mutum 272 masu raunin huhu, an tsayar da shi tun kafin ya ƙare, domin waɗanda aka ba omega-3 sun fi daɗewa a kan na'urar numfashi, kuma kashi 26.6 cikin 100 nasu sun mutu cikin kwana 60, ɗaya ɓangaren kashi 16.3. Masu goyon baya za su yi caraf su ce ai wannan ta robar ciki aka ba da shi, ba ta jijiya ba, kuma a dunƙule sau biyu a rana. Gaskiyarsu. Amma bayanin omega-3 da resolvin ɗin da ake kafa hujja da shi yau, shi aka kafa hujja da shi a wancan lokaci. Gani ga wane, in ji Hausawa, ya ishi wane tsoron Allah.

Akwai kuma wata tambaya da ke cin tushen muhawarar baki ɗaya. In majinyacin da aka ba gauraye ya fi samun sauƙi, man kifin ne ya taimake shi, ko kuwa rage masa man wake da aka yi? Ko a jariran Boston wannan tambaya na nan, domin awon man kifin da aka ba su bai kai awon man waken da aka saba ba jarirai ba, kuma an kwatanta su ne da yaran shekarun baya, lokacin da kulawa ba ta kai haka ba. Ƙari a kan haka, shi kansa abincin jijiya ba abin a yi gaggawarsa ba ne. Gwajin EPaNIC na Beljiyam a 2011, a kan majinyata 4,640, ya nuna waɗanda aka jinkirta wa shi har mako guda sun fi saurin fita, kuma ba su kwashi cuta kamar waɗanda aka fara wa da wuri ba. Robar da ake cusawa a babbar jijiyar wuya ƙofa ce ga ƙwayar cuta. Shi ya sa ƙa'idar da kowane ɓangare ya yarda da ita ita ce, muddin hanji na aiki, ta hanji za a ciyar, ko da kunu ne a tace a zuba ta roba. Mafi yawan masu kwance a ɗakin kulawa ta musamman hanjinsu na aiki. Ke nan waɗanda wannan muhawara ta shafa tun farko 'yan kaɗan ne.

Gwaje-gwajen man kifi da na ambata, a Jamus aka yi su, da Sifaniya, da Ingila, da Amurka. Majinyacinsu galibi dattijo ne mai ƙoshi da ya isa asibiti cikin sa'o'i. Namu sau da yawa matashi ne ko yaro, ramamme, da maleriya ko sikila a ƙarƙashi, wanda ya yi mako yana shan magani a gida kafin a ɗauko shi. Wanda ke ganin wannan bambanci ba kome ba ne, ya tuna da gwajin FEAST na 2011. An gwada yara 3,141 masu zazzaɓi mai tsanani a Yuganda da Kenya da Tanzaniya, don a tabbatar da abin da kowane littafin likitanci ke koyarwa, wato a kwarara wa yaron da jininsa ya yi rauni ruwa da sauri. Sakamakon ya gigita kowa: yaran da aka kwarara wa sun fi mutuwa, kashi 10.5 cikin 100, waɗanda ba a yi wa ba kashi 7.3. Sai dai wannan takobi kaifi biyu ne. Mai yiwuwa ne jikin da bai saba samun kifin teku ba ya fi na Bature amfana da omega-3. Hanyar rabe gaskiya ɗaya ce, a yi gwajin a nan, a asibitocin Gwagwalada da Shika da na Malam Aminu Kano.

Yanzu ga inda nake ganin masu ja sun fi nauyi. A 2025 Lancet ta buga binciken da aka yi a asibitoci 180 na ƙasashen Afirka 22, ya nuna ɗaya cikin kowane majinyata takwas da ke kwance yana cikin mawuyacin hali, ɗaya cikin biyar na waɗannan ya mutu cikin mako guda, kusan kashi 70 cikin 100 nasu a ɗakin kwanciya na gama-gari suke, kuma fiye da rabinsu ba su samu kulawar farko da ta kamata ba: iskar oksijin, ƙarin ruwa, gyara kwanciya don numfashi ya fita. Waɗannan ba sa buƙatar a yi muhawara a kansu. A Nijeriya kuma fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin lafiya daga aljihun mutane yake fita, duk da dokar inshorar lafiya ta 2022. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun Yulin 2024, man kuma daga waje ake shigo da shi, da kuɗin waje, bayan naira ta sha kashi tun tsakiyar 2023. Mutum mai kilo 70 na buƙatar giram 7 zuwa 14 a kullum, wato kwalba guda ko ɗaya da rabi, kuma ba na rana ɗaya ba. Ana so a ajiye shi ƙasa da digiri 25, a garin da zafin Maris ke haura 35, wuta kuma sai ta ga dama.

Wanda ya taɓa jinya ya san yadda abin ke gudana. Nas ta leƙo ta kira sunan majinyaci, ta miƙa 'yar takarda. Babban wa ya karɓa yana jujjuya ta, bai iya karanta rubutun ba, abin da kawai zai ce shi ne, "Likita, a yi masa duk abin da ya kamata, Allah zai rufa asiri." Ya fita baranda ya hau kiran waya: kawu a Zariya, ƙanwa a Suleja, uwar adashi, limamin unguwa ko zai yi sanarwa bayan Isha'i. Wannan mutum ba ya iya bambance wanda ke ceton rai a takardar da wanda ƙila zai rage kwana biyu. Duk ɗaya ne a wurinsa, duk farilla ne. In kuɗin da aka tara ya ƙare a kan kwalbar mai a rana ta uku, ranar ta huɗu aka rasa na maganin kashe ƙwayar cuta ko na jini, to an yi asara babba, kuma ba za ta fito a cikin kowace mujalla ba.

Masu goyon baya suna da martani, kuma bai kamata a raina shi ba. Sukan ce wannan maganar ta "ku fara da na farko" ita aka daɗe ana rufe wa talakan Afirka baki da ita. Da ita aka ce maganin ƙanjamau ya fi ƙarfinmu a farkon shekarun 2000, sai ga shi miliyoyin mutane na raye da shi yau. Suna kuma da lambar da ke sa mutum ya yi shiru: binciken tiyatar jarirai na ƙasashe 74 da aka buga a 2021 ya nuna jaririn da aka haifa hanjinsa a waje, a ƙasashe masu arziki ƙasa da biyu cikin 100 ke mutuwa, a ƙasashe mafiya talauci tara cikin goma, kuma rashin abincin jijiya na cikin manyan dalilai. Na yarda da su a kan wannan ɗari bisa ɗari. Amma a duba da kyau, abin da wannan jariri ya rasa abincin jijiya ne kowane iri, ko na waken suya. Maganin ƙanjamau kuma an riga an tabbatar yana hana mutuwa, farashi kawai ya rage a karya. Man kifi ga babba mai sefsis bai kai wannan matsayi ba.

Wani abin da ke ba ni tsoro ya fi kusa da gida. Mutanenmu suna da imani da ƙarin ruwa fiye da kima. Mutum ya ji kasala sai ya ce a sa masa leda biyu, in an zuba mai launin rawaya ya fi jin daɗi, kuma akwai masu yi a bayan kanti da cikin ɗakuna. Ranar da labarin "man kifi na jijiya mai kashe kumburi" ya faɗa hannun 'yan talla a WhatsApp, za a ga abin mamaki. Mai ne fa ake turawa cikin jini. Wanda jikinsa ba ya shiri da kifi ko ƙwai zai iya sheƙewa nan take. Mai matsalar zubar jini ba a ba shi. Dole a riƙa auna maiƙon jini da aikin hanta, kwalbar da aka huda kuma wurin hayayyafar ƙwayar cuta ce in ta daɗe a rataye. Lafiyayye ko mai ƙaramin ciwo da ke son omega-3, ga masu kifin sanyi nan a kasuwar Dutse da ta Kado: titus, sadin, shawa, sau biyu a mako. Tarwada da karfasa abinci ne mai kyau, sai dai ba su kai na teku wannan maiƙo ba.

Hukuncina ya rabu uku, kuma ba daidai ba. Jaririn da ya daɗe a kan abincin jijiya har hantarsa ta fara toshewa, a nemo masa man kifi, kuma gwamnati ce ya kamata ta saye shi ta ajiye a asibitocin koyarwa, domin yaran kaɗan ne, ba kuma uban da zai iya ɗaukar wannan shi kaɗai. Babban da hanjinsa ya gaza bayan tiyata, wanda dole sai ta jijiya, in gauraye mai ɗan man kifi yana nan kuma bambancin kuɗin bai taka kara ya karya ba, zaɓarsa ba laifi, in babu shi na waken suya ya wadatar, kada a sa dangi su ji kamar sun yi sakaci. Amma a ɗura wa mai sefsis man kifi zalla a matsayin maganin kumburi, alhali yana iya cin abinci ta hanji, a kan kuɗin danginsa, wannan ban goyi baya ba, sai dai a cikin gwajin da aka tsara, aka nemi yardarsu, kuma ba su za su biya ba.

Kai kuma mai karatu, in Allah Ya kawo ranar da aka miƙo maka takarda da irin wannan suna a kai, kada kunya ta hana ka tambaya. Ka ce wa likita: hanjinsa na aiki? Kwana nawa za a yi ana ba shi? In kuɗinmu ba zai isa duka ba, wanne za mu fara saya? Haƙƙinka ne a amsa maka kafin ka sayar da filin.